Kunnen Dama na Kyaftin

Ɗan ƙanwata matuƙin jirgin sama ne. Ba irin manyan jiragen nan da ake cusa mutane kamar buhuna ba. Nasa ƙarami ne, na wani kamfani, kujerunsa ba su fi na falon mai rufin asiri yawa ba. A gida Kyaftin muke ce masa, har uwarsa da ta goya shi. Idan baƙuwa ta zo wurinta, kafin a kawo ruwa ta riga ta ji cewa ɗan gidan yana sama. Ni dai na fi ganinsa a ƙasa, amma ba a tambaye ni ba.

Aikin nasa, yadda na fahimta, jira ne cikin farar riga. Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Ciyaman, zai sa a ce masa da hantsi za a tashi. Tun asuba Kyaftin yana filin jirgi. Ya zagaya jirgin, ya shafa taya, ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya tambayi yanayin sama, ya sa a zuba mai. Sai ya zauna. Rana ta take tsaka, ta karkata. Bayan la'asar sai ga motar Ciyaman, ya fito waya a kunne, ya dubi agogo, ya dubi Kyaftin, ya ce, "Mun shirya dai ko?" Kyaftin ya ce an shirya, ranka ya daɗe, ya karɓi jaka. Shekarun da ya yi yana karatun iska da taurari ba su tafi a banza ba, domin ban taɓa jin ya yar da jakar nan ba.

Ba Ciyaman kaɗai yake ɗauka ba. Ya taɓa tashi takanas don labulen uwargidan Ciyaman. Ya taɓa ɗauko kek na bikin haihuwar autarsu, aka ba shi kujera guda, aka ɗaura masa bel, aka roƙi Kyaftin ya lallaɓa wajen sauka. Idan an sauka kowa ya watse, shi ne mai tsince ɓurɓushin biskit daga tsakanin kujeru. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da ƙanwata ke ba baƙi.

Takan ce ɗanta ya san duniya. Gaskiya ne, ya san hanyar da ta tashi daga filin jirgi ta shiga otal a garuruwa da yawa. Ya ce mini ɗakunan duk ɗaya ne: labule mai kauri, hoton kwale-kwale a bango, da 'yan ƙananan sabulai da yake kwasowa yara. Ba ya iya nisa da otal, domin taron Ciyaman yana iya ƙarewa kafin shayi ya huce, yana kuma iya kai jibi. Wayarsa ba ta mutuwa. Ko wanka zai shiga, tana kan sinki tana kallonsa.

A cikin wannan zaman ne kiɗa ya kama shi. Ba na rediyo ba, wanda ake yi a gabanka, kana ganin gumin makaɗi. Tun yana yaro ya fasa wa uwarsa kwanuka da ludayi, muka ɗauka ƙuruciya ce. Ashe jira take ta samu farar riga. In ya sauka a gari, abin da yake fara tambayar mai gadin otal ba wurin cin abinci ba ne, ina ake kiɗa. Kuma ba ya zama a baya. Can gaba yake zuwa, dab da lasifika, ya ce shi sai ya ji ganga a haƙarƙarinsa. Matarsa, malamar makaranta ce mai haƙuri da kaifin baki, takan ce mini, "Kawu, ni fa riƙon ƙwarya nake yi. Matarsa ta gaskiya lasifika ce, tana da waya a bayanta, ana jona ta da wuta."

Akwai wata ɗabi'a tasa ta aiki da sai an san ta za a gane abin da ya biyo baya. A gaban jirgi Kyaftin yana zama a hagu, mataimakinsa a dama. Kowa yana kifa abin sauraro a kunnuwa, ta nan suke jin masu ba da umarni daga ƙasa, shi ne kuma ke tare musu ƙarar iska da inji. To shi Kyaftin, tun farkon aikinsa, hagu kaɗai yake rufewa. Na dama yakan zame shi bayan kunne don ya ji mataimakinsa baki da baki. Mataimakin kuwa wani dogon mutum ne da suke kira Rediyo, kuma ba don ya iya gyaranta ba. Shekara da shekaru kunnen nan na dama yana shan iska, yana shan inji, yana shan Rediyo. Har jikin Kyaftin ya saba: kunne ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe, nan ne yake jin daidai.

Su matuƙa, lokaci-lokaci sai sun je wurin likitansu ya duba ido da zuciya da kunne, ya sa hannu a takardar lafiya. In babu wannan takarda, ko ka fi tsuntsu iya tashi, a ƙasa za ka zauna. A zuwan Kyaftin na baya, likitan ya daɗe yana kallon sakamakon, sannan ya ce kunnen dama ya zo bakin layi. Ya ce kafin gwaji na gaba ya ba kunnen hutu na 'yan kwanaki, ba inji, ba hayaniya. Ya damƙa masa wasu 'yan soso guda biyu na toshe kunne, ya ce duk inda ƙara take ya sa su. Kyaftin ya riga ya fara furfura a gefe. A irin shekarunsa, in takardar ta kuɓuce, da wuya ta dawo. Ciyaman kuma mutum ne da kowa ke jira, shi bai taɓa koyon jiran kowa ba.

Kyaftin ya yi abin da ya dace. Ya nemi hutun 'yan kwanaki kafin ranar gwaji, aka ba shi da fara'a. Ana gobe zai fara, aka kira shi: 'yar tafiya ce ta yini ɗaya, a je da safe a dawo da yamma. Yinin ya kwana, ya sake kwana, ya cinye hutun tas. Ya zamana za su dawo da safe, gwaji kuma da yammacin ranar.

A yammacin ƙarshe a can, yana tsaye a tagar ɗakinsa, sai ya ga ana jera kujeru a lambun otal, ana jan wayoyi. Ya sauko ya tambaya. Aka ce wani tsohon mai jita ne zai yi wasa da mutanensa bayan la'asar. Wannan tsoho kuwa Kyaftin ya daɗe yana farautarsa. Sau da dama sun haɗa gari, duk lokacin da ya kama hanyar zuwa sai wayar nan ta yi ƙara. Yau ga tsohon an kawo masa har ƙarƙashin taga, Ciyaman kuma yana can wata liyafa da ba ta tashi da wuri.

Ya kira matarsa. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Gobe fa gwajinka," in ji ta.

"Na sani. Waƙa biyu kawai zan ji in tashi."

"Waƙa biyu irin yini ɗayan Ciyaman?"

"Haba Malama. Ga soson likita a hannuna. Kin ji na rantse zan sa."

"To ka sa. Kuma ka zauna a baya, wurin masu hankali."

Rabin maganar ya ɗauka, wanda a tsakanin ma'aurata ba ƙaramin rabo ba ne. Suka sami tebur a gaba shi da Rediyo. Ya zauna a hagu, Rediyo a dama, domin ko a gidan biki haka suke zama, ba su san wani tsari ba. Ya murza soso ɗaya ya tura a kunnen hagu. Rediyo yana cikin ba shi labarin wata mota da yake so ya saya. Kyaftin ya karkato masa kunnen dama kamar kullum, hannunsa ya mayar da ɗaya soson aljihun riga. Jikinsa ya ce masa an gama shiri. A bayan kafaɗar Rediyo kuwa akwai lasifika mai girman firji.

Tsohon ya yi wasa har aka kira magariba. Kyaftin ya ce mini bai taɓa jin yatsu irin nasa ba, kuma na yarda, domin ya ji su da kyau. Sai da ya koma ɗaki zai rataye riga, ya ji wani abu a aljihu. Ya fito da shi ya ajiye a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. A lokacin ne ya lura akwai wani siririn fito a ɗakin, kuma ba daga firji yake fitowa ba.

Da safe ya bar wa Rediyo magana da masu ba da umarni daga ƙasa, abin da bai taɓa ɓata wa Rediyo rai ba. Suka sauke Ciyaman, Kyaftin ya miƙa masa jaka, ya wuce asibiti da farar rigarsa. Gwajin kunne a wani ɗan akwati ake yi mai ƙofa mai kauri da tagar gilashi. A sa maka abin sauraro, a ba ka maɓalli, duk lokacin da ka ji ɗan sauti ka danna. Kunnen hagu ya wuce lafiya, kamar ɗan gata. Aka koma dama. Kyaftin ya danna. Ya sake dannawa. Ya ci gaba da dannawa da himma.

Likita ya buɗe ƙofa ya leƙo. "Kyaftin, ban kunna ba tukuna."

Da aka kunna ɗin kuma, sai ya daina dannawa.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya tambaye shi ko ya huta da kunnen kamar yadda aka ce. Kyaftin ya ce aiki ne ya hana. Ya tambaye shi ko ya yi amfani da soson. Ya ce ya yi.

"Duka biyun?"

Kyaftin ya dubi hoton cikin kunne da ke bango, kamar yau ya fara ganinsa.

Likita ya mayar da takardar cikin aljihun tebur ba sa hannu. Ya ce ya je ya yi 'yan makonni cikin shiru ya dawo. In gajiya ce, kunnen zai farfaɗo. In ba ita ba ce, sai su zauna su yi wata magana.

Kamfani ya nuna halin girma. Ciyaman da kansa ya kira ya ce lafiyar Kyaftin ta fi musu komai, kada ya sa damuwar aiki a ransa ko kaɗan. Don ya taimaka masa wajen cire damuwar, a ranar aka aro wani matashin matuƙi. Washegari sakatariya ta aiko direba ya karɓi katin shiga filin jirgi, ta ce don kada ya ɓata a gida.

Sai Kyaftin ya zauna neman shiru a gidansa, inda ya gano bai taɓa yini a can ba. Injin markaɗe na tashi da safe. Janaretan maƙwabci na karɓa. Yara su dawo makaranta su kunna talabijin, su bar shi yana yi su koma faɗa. Sannan ga 'yan dubiya. Ƙanwata ta baza labari cewa tsananin nisan sama ne ya toshe wa ɗanta kunne, sai dangi suka yi ta zuwa. Da yake sun ji an ce ba ya ji, kowa sai ya matso dab da kunnen, na daman, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya yi masa sannu. Uwar kuma tana gefe da kwalbar wani mai da ta ce ɗigo biyu ya isa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofata da ƙaramar jaka. Malama ce ta kawo shi.

"Kawu, ga amana," ta ce. "An ce shiru yake buƙata. Na duba dangi kaf, ban ga inda ake yin sa ba sai nan."

Ba ta yi ƙarya ba. Ni da tsohuwar matata mun gama manyan maganganunmu tun da daɗewa, sauran da ido muke ƙarasawa. Muka ba shi ɗakin baya, wanda ke kallon katanga.

Ban taɓa ganin mutum yana gadin kunnensa kamar mai jinya ba sai a lokacin. Da safe ya murza yatsu biyu kusa da shi, ya matsar da hannun a hankali, ya tsaya, ya ɓata fuska. Ya ciro agogon bangonmu ya kai shi ɗaki, yana matsawa baya yana saurare. Wani lokaci ya roƙe ni in tsaya a bayansa in yi raɗa. Na ce masa ni duk maganata raɗa ce, ya zaɓi wadda yake so. Jirgi in ya wuce ta saman gidan, ba ya ɗaga kai. Sai dai cokalin ya tsaya a hanya har ƙarar ta ɓace.

Rediyo ya zo dubiya, ya cika mana tsakar gida.

"Oga, wallahi ana kewarka. Yaron nan da aka aro dai ba laifi, saukarsa kamar an ajiye ƙwai. Jiya Ciyaman har tafa masa ya yi. Kuma ya iya dariya, tun kafin Ciyaman ya kai ƙarshen labari ya fara. Amma ana kewarka."

"Na gode. Ka rage murya."

"Ni fa har yanzu ina mamakin ranar nan. Ina kallonka ka sa guda ɗaya."

Kyaftin ya juyo gaba ɗaya. "Ka gani?"

"Ƙwarai. Na ɗauka sabon tsarin likita ne."

"Shi ne ba ka ce komai ba? Kai? Duk duniya a rasa ranar da za ka yi shiru sai wannan?"

"Ai ban yi shiru ba, Oga. Maganar mota muke yi."

Tsohuwata ta kawo shayi a daidai nan, ta ajiye a tsakaninsu, wanda a ganina ya ceci Rediyo.

Da ya tafi, Kyaftin ya zauna yana juya kofinsa. Can ya ce, "Kawu, in bai dawo ba fa? Ni ban iya komai ba sai wannan."

Na ce masa ƙasa ma akwai mutane a kanta, wasu har sun tsufa a nan. Bai yi dariya ba. Na duba fuskarsa na ga ba jakar Ciyaman yake tunani ba, ba kuma sabulan otal ba. Ya taɓa gaya mini akwai wani ɗan lokaci bayan an huda gajimare, rana ta buɗe, kowa a baya ya yi barci, har Rediyo yakan ɗan tsagaita. Ina jin duk jiran nan da ɗaukar jaka, don wannan ɗan lokacin yake yi. Na ƙara masa shayi.

Ranar komawa na raka shi, don Malama tana aji, uwarsa kuma mun ga ya fi kyau ta ji labari daga baya. Likita ya bar ni na zauna a gefe, ina hango Kyaftin ta gilashi. Ya rufe ido, ya sunkuyar da kai, babban yatsa a kan maɓalli, kamar mai gida da ya ji motsi a bayan ɗaki. Da aka koma kunnen dama ya daɗe bai motsa ba. Na ga gumi a goshinsa. Sannan ya danna. Ya jira. Ya sake dannawa. Likita bai buɗe ƙofa ba, na ɗauki wannan a matsayin alheri.

Ya wuce, amma da ƙyar, irin wucewar da ake yi a ƙofar da ake shirin rufewa. Likita ya sa hannu, ya riƙe takardar bai sake ta ba tukuna. Ya ce daga yau a gaban jirgi kunnuwa biyu za a rufe, mataimaki ya yi magana ta na'ura kamar kowa. Ya ce zai riƙa dawowa gwaji a kai a kai, ba sai lokacin kowa ya yi ba. Ya ce kuma kujeru biyu ne a gabansa, ta hagu a jirgi da ta gaba a wurin kiɗa, kunnen ba zai iya ɗaukar nauyin duka ba, ya zaɓi ɗaya. Sannan ya saki takardar.

Tun a harabar asibiti Kyaftin ya kira ofis. Sakatariya ta yi murna ƙwarai, ta ce Ciyaman yana tafiya, za a neme shi. Ya koma gida ya jira, abin da babu wanda ya fi shi ƙwarewa a kai. Sai da wani babban kamfanin jirage ya ɗauke matashin nan, sannan aka tuna ana kewar Kyaftin. Direba ya dawo da kati. Ranar farko Ciyaman ya iso bayan la'asar, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce hutun ya karɓe shi, har ya yi ƙiba. Ya miƙa masa jaka.

Kwanan baya wasu makaɗa suka zo wani lambu a garinmu, Kyaftin ya matsa sai na raka shi. Muka je da sauran rana. Ya wuce da ni ta gefen kujerun gaba bai ko kalle su ba, muka yi ta tafiya har jikin katanga, inda direbobi ke zama suna jiran iyayen gidansu. Ya fito da soso, ya tura a hagu, ya tura a dama, ya sake taɓa kowanne da yatsa. Daga nan makaɗan ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Aka fara, ya rufe ido yana gyaɗa kai, ƙafarsa na bin kiɗan.

Na taɓa gwiwarsa, na nuna kunnena, na tambaye shi me yake ji.

"Ganga kaɗai, Kawu," ya ce, da ƙarfin da ya sa direbobin suka juyo gaba ɗaya. "Sauran ina cikewa da kaina."

Na ce to madalla. Bai ji ba.